Taken Ubanka Yana Bakin Baba Namata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa.

Zuwa ga Mai sunan Malam, daga innarka Rakiya a Gaya. Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da mutanen da ka sauka wurinsu a Malanbil. Allah Ya tsare min kai a zaune da a tafe.

Ka yi haƙuri da na ɗora maka wannan doguwar takarda a lokacin da hankalinka yake kan hanya. Na san kana jiran kamyon ɗin gyaɗa da zai kai ku Faraku, daga can ku hau jirgin ƙasa zuwa Kwatano, kuma mai jiran mota ba ya son dogon karatu. Da zan iya faɗa maka da baki, da ban dame ka da tawada ba. Amma ka san yadda muke ni da kai. Kai ne na fari, ban taɓa zama na dubi idonka mun yi magana mai tsawo ba. Ranar da ka zo sallama ma, iyakar abin da na ce shi ne Allah Ya kiyaye hanya, na juya ina gyara murhun da ba abin da ya same shi. Kwana uku ke nan ina rubutawa ina ajiyewa, don idona ba ya jure farar takarda kamar da. Ni na koya maka wannan rubutu, na san za ka gane hannuna ko da ya karkace.

Maganar ɗaya ce. Baba Namata, wanda ya koya maka kiɗa, yana kwance a Tunuga, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Kai kuma ka haye kogi kana riƙe da shi a zuci, kana cewa ya hana ka kiɗan ubanka. Ba shi ya hana ka ba. Ni ce. Zan faɗa maka yadda aka yi tun daga farko, domin in na tsallake wani wuri zan yi wa kaina sassauci, kuma na gaji da yi wa kaina sassauci.

Na zo gidan ubanka Garba daga Bana ina bazawara, aurena na fari ya mutu babu haihuwa. Mutane sun yi ta mamakin yadda mahaifina Malam ya ba makaɗi ɗiyarsa. Abin da ya ce musu shi ne, sallar Garba ya gan ta da idonsa, sana'arsa kuwa tana tsakaninsa da Ubangijinsa. Malam ya fi ni faɗin zuciya. Ni da sharaɗi na shiga gidan: kalangu ba zai kwana ɗaki ɗaya da Alƙur'anina ba. Ubanka bai yi musu ba. Ya rataye shi a zaure, kowace damina sanyi ya ɓata masa fata, ya sake wata, bai taɓa ce min uffan ba. Wannan ban yi nadamarsa ba, ko yau aka dawo da ni haka zan yi.

Abin da nake nadama shi ne, shekara goma sha ɗaya muna tare ban taɓa tsayawa na saurari abin da yake kaɗawa ba. In ya zauna a zaure da hantsi yana jan tsarkiya yana gwada muryar kalangun, sai in jawo turmi in hau daka, ko in ɗaga murya da karatu. Wata rana ya leƙo ya ce, "Rakiya, na yi wa Sarkin Ruwa sabon take, zo ki ji ko ya zauna." Na ce, "Ni me na sani a ciki?" Ya yi dariya ya ce, "Ai ba ilmi na zo nema ba, kunne na zo ara." Na ce masa tuwona zai ƙone. Babu tuwo a wuta ranar. Ya tsaya kaɗan, ya koma zaure, bai ƙara kirana ba.

Shi ya sa da ka girma kana tambayata, "Inna, yaya Baba yake kiɗa?" nake ce maka ban sani ba. Ka ɗauka ɓoye maka nake yi. Wannan kam gaskiya na faɗa maka. Na san tarinsa, na san takunsa, na san yawan barkonon da yake so a miya, amma abin da duk bakin kogin nan ya san shi da shi, ni matarsa ban sani ba. Abu ɗaya ne ya shiga kunnena ba da izinina ba, shi ne takensa na kansa, wanda ya gada daga ubansa. In ya dawo daga tafiya ya kawo gindin tsamiyar nan ta kwanar gidanmu, sai ya taɓa shi a hankali, don in san ya iso in ɗora ruwa. Ko shi ɗin, in ka ce in maimaita maka ba zan iya ba. Jikina ne ya san shi.

Saboda haka duk wanda Allah Ya haɗa ka zama da shi, ka saurari abin da ya iya tun yana da rai. Wata rana za ka yi mata. In ta kira ka ka zo ka ga abin da hannunta ya yi, ko da faifai ne ta saƙa, ka tashi ka je. Ba zai ɗauke ka lokacin shan ruwa ba.

Kana da shekara tara ubanka ya rasu, ciwon kwana shida. Da na fita takaba sai Baba Namata ya zo. Ka san shi ne abokin yawon ubanka, shi da ganga, ubanka da kalangu, suna yi wa Sarkawa masunta kiɗa daga nan har ƙasan Tunuga. A al'adar gidanku, in ɗan makaɗi ya zama maraya, abokin kiɗan uban ne yake ɗaukarsa, da shi da kalangun. Na so in hana, baffanninka suka ce ba a taɓa yi ba. To, da na ga ba ni da ikon hanawa, sai na nemi wata hanya.

Ya zauna a zaure, ni ina bayan asabari. Ya ce, "Ɗiyar Malam, na zo ɗaukar kayana."

Na ce, "Wane kaya?"

Ya ce, "Na rataye, da mai ƙafafu."

Na ce zai tafi da ku, kai da kalangun, amma da magana. Na ce, "Ka koya masa naka. Na ubansa kada ka koya masa. Da takensa, da irin hannunsa, da duk abin da in na ji zan ce Garba ne."

Ya ce, "Kin san abin da kike roƙo kuwa? Yaron nan zai tambaye ni."

Na ce, "Ka ce masa ba yanzu ba."

"Har yaushe?"

"Har ranar da zan ce maka."

"In ya ce don me?"

"Kada ka ambaci sunana."

Na tura masa buta na ce ya yi alwala. Ya ce, "Oho, yau kuma ni za a yi wa jarrabawa." Ina leƙensa ta asabari, na ga dugadugansa na hagu bai jiƙu ba, na sa ya sake. Ya sake yana gunaguni da Dendanci. Sannan na miƙo Alƙur'ani ya dafa ya rantse. Ka ga irin hankalina a lokacin. Na kula da busasshen dugadugai, ban kula da abin da nake ɗora wa mutum a wuya ba.

Na gaya wa kaina don addini na yi. Na ce in kiɗan uban bai kama ka ba, wataƙila ka gaji ka dawo wa allo. Shekaru na yi ina gaya wa kaina haka har na kusa yarda. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Tsoron wata rana ina tsakar gida in ji wannan taken daga gindin tsamiya, in tashi in ɗora ruwa, in tuna ba mai shigowa.

Mai sunan Malam, kada ka taɓa sa mutum rantsuwa kana cikin baƙin ciki. Ka bari ya huce tukuna, ko da shekara ce. Kuma in kana jin tsoron abu, ka ce tsoro kake ji. Kada ka ɗauki tsoronka ka sa masa rigar addini. In ka sa masa, ba mai iya yi maka gardama, kai ma ba za ka iya yi wa kanka ba.

Abin da Baba Namata ya iya ba ka, ya ba ka duka. Ka tuna shekararka ta farko a wurinsa bai bar ka ka taɓa fata ba. A goshin jirgi yake zaunar da kai, masunta na tuƙi, ya ce ka saurari filafili. Ka zo min da Sallah kana kuka kana cewa kai ba masunci ba ne. Da na aika masa, ya ce a gaya min, makaɗin da bai san lokacin da filafili ke shiga ruwa ba, kafaɗun mutum ashirin zai karya. Daga nan ka samo hannun nan naka mai nauyi, wanda ba ya gaggawa, yake faɗuwa daidai inda mai tuƙi zai ja. Matan da ke sayar da kifi a bakin ruwa sukan ce min tun daga nesa suke gane ka, su ce ga ɗan Namata can tafe. Nakan yi kamar ban ji ba, amma ina ji.

Sai ka fara tambayarsa. Kana sha biyar ka tambaya, kana sha bakwai ka tambaya, kullum amsar ɗaya. Ranar da ba ta fita daga raina ita ce wadda ka shigo gida ka jefar da gula a ƙasa ka ce, "Inna, tsohon nan marowaci ne. Tsoro yake ji in fi shi." Ina tsince shinkafa a faifai. Ban ɗaga kai ba. Na ce, "A dai yi haƙuri da manya." Na ci gaba da fitar da tsakuwa ɗaya ɗaya, kai kana tsaye kana huci, mutumin da ya ciyar da kai shekara takwas yana shan zagi a tsakar gidana a kan laifina.

Shi ma bai yi shiru ba. Ya tare ni a kasuwa ranar Talata, wajen masu daddawa, ya ce, "Ɗiyar Malam, ba yanzu ba ɗin nan taki ta tsufa, har ta fara furfura." Na ce ya ƙara haƙuri. Ya ce, "Yaron ya daina cin abinci kwano ɗaya da ni." Na ce zai huce. Ya dube ni ya ce, "Ku masu karatu kuna da taurin da ko dorina ba ta da shi." Ya tafi. Sau huɗu yana yi min wannan magana a shekaru daban daban, sau huɗu ina mayar da shi.

Ka san ni da gudun ƙarya. Ko allura na ara sai na mayar kafin rana ta faɗi. Na ɗauka muddin harshena bai furta abin da ba haka yake ba, to ni tsarkakakkiya ce. Ashe mutum yana iya yin ƙarya shekara goma sha uku bakinsa a rufe. Inda za ka, za ka zauna cikin ƙungiyar makaɗa, abu zai ɓace, kiɗa zai karkace, za a nemi mai laifi. In ka ga ana ɗora wa wani abin da kai ka yi, ka yi magana a ranar. Kada ka bari ta kwana. In ta kwana ɗaya, gobe sai ka ga faɗar ta fi nauyi, jibi ta fi haka, har ka wayi gari kamar ni, sai da takarda.

Sai kuma Woru, ɗan Bargun nan da za ka bi zuwa Kwatano. Rani biyu ke nan da ya fara zuwa tare da masu tuƙin kamyon. Na ji shi kafin in gan shi. Hannunsa kamar ruwan sama a kan rufin kwano, samari suna cika tashar jirgin fito suna kallonsa. Da ka fara binsa, ka ɗauka zan yi faɗa. Ka ga sai ma nake dama fura ina soya kifi ina ba ka ka kai masa. Ka ce min, "Inna, Woru ya ce ke mutuniyar kirki ce." Ba kirki ba ne. Murna nake yi, domin na lura duk yadda hannunka ya ƙara kama da nasa, yana ƙara nisa da abin da nake tsoro. Da baƙon Allah na yi amfani, na ciyar da shi don buƙatar kaina, shi yana sa min albarka. Ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Yana cire takalmi tun daga zaure, yana gaisuwa a durƙushe. Kada ka kyautata wa mutum don ka yaƙi wani da shi. Ladan ba ya zuwa, kuma abincin ma asara ne.

Ranar da Sarkawa suka saukar da sabon babban jirginsu a bakin ruwan Gaya, ka ɗauka ba na wurin. Ina wurin. Ina wanki daga sama kaɗan, bayan duwatsu. Ka fi ni sanin ƙa'idar gidanku: makaɗi ba ya buɗe fage a gaban wanda ya koya masa sai ya fara da taken maigidan, maigidan ya ɗaga hannu ya jinjina masa, sannan ya kaɗa abin da ya ga dama. Ni da ba ruwana da kiɗa ma na san wannan. Baba Namata yana zaune a kan wani tsohon jirgi da aka kife, ya sa rigarsa ta Juma'a. Da ka gyara maratayi ka ɗaga gula, har ya dunƙule hannu ya fara ɗagawa. Sai ka buɗe da kiɗan Woru. Masu jan igiya suka rikice, wasu sun ja wasu ba su ja ba, wani tsoho ya ce, "Wannan ai na mota ne, a ba mu na jirgi." Aka yi dariya. Shi kuwa hannun nan da ya kai rabi, sai ya wuce da shi ya gyara hularsa, kamar da ma abin da ya tashi yi ke nan. Na gani. Na sunkuya na ci gaba da wanki.

Ba zan ce maka ba ka yi laifi ba. Ka yi, kuma da gangan ka yi, don ka rama. Amma abin da kake ramawa ba shi ya yi maka ba. In wata rana ka sake tsayawa a fage, wanda ya koya maka ko da bugu ɗaya ne yana zaune, ka fara da nasa, ko kuna gaba. Gabar ku ce ku biyu, ba ta 'yan kallo ba.

Bayan kwana ashirin ciwon ya kama shi. Ban ce abin da ka yi ne ya kwantar da shi ba. Ciwo na Allah ne, mutumin kuma ya manyanta. Kada ka ɗauki wannan ka ɗora wa kanka, wanda ke kanka ya ishe ka.

Kwana biyu bayan ka haye, na shiga jirgi na tafi Tunuga, da gwiwar nan tawa da ka sani. Na tarar da shi a rumfa, an juya masa shimfiɗa yana kallon kogi, ɗiyarsa tana ba shi kunu. Bakinsa ya ɗan karkace amma maganarsa tana fita. Da ya gan ni ya gaishe ni da Dendanci ya ce, "Fofo, ɗiyar Malam. Yau kuma wace alwala zan yi?"

Na ce, "Na zo in kwance abin da na ɗaura."

Ya sa hannun hagu ya ɗaga na dama, ya sake shi ya faɗi a kan tabarma. Ya ce, "Sai da wannan ya mutu?"

Muka zauna, kunun yana hucewa. Can ya ce, "Bar shi. Baki yana nan. Ni ma da baki aka fara koya min, ana faɗa ina maimaitawa, kafin a ba ni fata. Yaron yana da kunne, kwana uku ya ishe shi. Taken Garba, da na kakansa, da waɗanda Garba ya yi wa gidajen Sarkawa. Ba wanda ya rage da ya riƙe su daidai sai ni. Waɗanda ke kaɗa su yanzu, rabi suke kaɗawa su cika da ƙarya."

Na ce ya yafe maka abin da ka yi a bakin ruwa. Ya ce, "Ke ce kika yi, da za ki roƙa masa? Ya zo da ƙafarsa." Na ce kana da zuciya irin ta ubanka, wataƙila ka ji nauyin durƙuso. Ya ce, "Wa ya ce ya durƙusa? Ni me zan yi da gwiwarsa? Ya zo ya ce, Baba koya min, kamar yadda ya saba. Shekara goma sha uku ina ce masa ba yanzu ba. So nake in ce masa to, sau ɗaya, kafin a ɗauke ni."

Na tambaye shi ko Woru ya ɓata maka hannu, don abin yana damuna tunda ni na tura ka. Ya ce, "Bai ɓata ba. Ɗan Bargun nan ya iya. Da ina saurayi da ni ma na bi shi na sata. Abin da yaronki bai gane ba tukuna shi ne inda ake gudu da inda ake tafiya, wannan kuma shekaru ke koyar da shi." Sai ya rufe ido kamar yana sauraronka. Ya ce, "In yana kiɗa ina jin mutane a hannunsa. Nauyin nawa ne. Gudun na ɗan Bargu. Amma akwai inda yake sassauta tsarkiya a hankali, muryar ta sauko kamar mai tambaya. Wallahi ban koya masa ba, rantsuwata tana nan. Na Garba ne. Ya ji shi tun yana rarrafe a zaure. Kin hana ni, ba ki hana kunnensa ba."

Na ɗauka ya gama, sai ya ƙara. Ya ce, "Sai tsayawar nan da yake yi, ya yi shiru daidai inda kowa ke jiran bugu, har mai rawa ya kusa faɗuwa, sannan ya saki. Na daɗe ina neman wanda ya ba shi, don ba makaɗin da na sani yana haka. Ranar da na zo gidanki na tarar kina karatu na gane. Haka kike tsayawa ki ja numfashi."

Na yi istigfari a fili. Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ban ji daɗin maganar ba, har yanzu ban ji ba, ina roƙon Allah in da laifi a ciki Ya yafe mana ni da kai. Amma ban iya ce masa ƙarya yake yi ba, kuma tunda na ce ba zan tsallake komai ba, ga shi na rubuta.

Da na dawo na je wurin liman a kan rantsuwar. Ya ce tunda wa'adinta shi ne ranar da zan faɗa, kuma na faɗa, ta sauka, babu kaffara a kansa. Duk da haka na dafa abinci na ciyar da mutum goma, don kada tsohon nan ya tafi da kokwanto saboda ni. Hanya a buɗe take. Ba abin da ya rage tsakaninka da kiɗan ubanka sai rabin yini a jirgi.

Ban ce ka fasa Kwatano ba. Na daina hana mutane abubuwa, ban iya ba. Ka je, ka ji gangunan can, an ce suna da iri iri waɗanda ba mu taɓa gani ba. Abin da ya yi maka kyau ka ɗauka. Sai dai in an tambaye ka wa ya koya maka, kada ka ambaci na ƙarshe kaɗai don shi ne yake tsaye kusa da kai. Ka faɗe su duka, da mai rai da matacce. In an kira salla ka ajiye gula, ko wa ake yi wa kiɗan. Kada ka yarda a sa ka yi wa mutum zambo da kalangun ubanka, shi bai taɓa yi ba. Takardar lanhonka, shaidar biyan haraji, ka sa ta cikin layar fata a jikinka, jandarmomin hanya ba sa jin na manta. Ka nisanci abin sha na masu mota. Wannan duka ka sani, faɗa kawai nake yi don in ji na faɗa.

Amma kamyon ba ɗaya ba ne. Gyaɗa za a yi ta ɗauka har ruwa ya sauko, in wannan ya tashi wani zai zo, Woru ma in mutumin kirki ne kamar yadda nake zato zai jira ka ko ya bar maka kwatance. Tsohon kuwa ɗaya ne. Ɗiyarsa ta raka ni bakin jirgi ta ce min abincinsa kullum raguwa yake yi, kuma da safe maganarsa ta fi fita, in rana ta yi sai harshen ya yi nauyi. Ba na son in ba ka tsoro, amma ban ga alamar zai kai damina da bakin nan ba.

In ka ji haushina, hakkinka ne. Na hana ka abin da yake naka, na bar ka ka tsani wanda ya so ka. Ba na roƙon ka yafe min a takardar nan, wannan sai ka yi tunani, in Allah Ya ba ni kwana za mu yi ta daga baya. Kada dai ka haɗa fushina da tafiyar Tunuga. Kana iya zuwa can ba ka biyo ta Gaya ba, ba zan ce komai ba.

Allah Ya kiyaye ka a ruwa da tudu. Allah Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin hanya da sharrin baki. Allah Ya jiƙan ubanka, Ya ba Baba Namata sauƙi. Baffanninka suna gaishe ka. Ka gaishe min da Woru da masu masaukinka.

Wanda ya miƙa maka takardar nan Hamidu ne mai jirgi, ranar Laraba zai gangara Tunuga da kayan gishiri, ya ce akwai wurin mutum ɗaya. Na yi wa tsohon alkawarin zai ji amsarka kowace iri ce, kuma ba zan gyara ta ba. In za ka je, ka faɗa min in aika a gaya masa. In ba za ka je ba, shi ma ka rubuto, ni zan koma in faɗa masa da bakina, ya daina sa ana juya masa shimfiɗa wajen kogi. Don Allah ka amsa min da wuri, ko layi biyu ne a bayan takardar nan.